Othello na Shakespeare: Tambayoyi da Amsoshi kan Jigo da Taurari

Othello shi ne wasan Shakespeare da hukumar WAEC ta sa a manhajar adabin Turanci daga 2016 zuwa 2020, kuma har yanzu ana karanta shi a jami'o'i da kwalejojin ilimi. Ga tambayoyin da suka fi damun masu karanta shi. Amsoshin ra'ayina ne, amma kowacce na jingina ta da abin da ke cikin wasan, don mai karatu ya iya komawa ya duba da kansa.

Mene ne labarin a taƙaice?

Othello baƙo ne a birnin Benis na Italiya, mutumin Afirka da ya kai matsayin janar a rundunar birnin. Ya auri Desdemona a ɓoye, 'yar wani ɗan majalisar dattawa mai suna Brabantio. A daren da asirin auren ya tonu aka tura shi tsibirin Kubrus ya tare Turkawa, matar ta nemi izini ta bi shi. Guguwa ta tarwatsa jiragen Turkawa tun ba a gwabza ba, sojoji suka zauna babu aikin yi. A nan ne Iago, mai riƙe wa Othello tuta, ya shiga ƙulle-ƙulle. Ya sa Cassio, mataimakin Othello, ya sha giya ya yi faɗa aka tsige shi. Ya ba shi shawara ya kama ƙafa da Desdemona. Sannan ya koma ya raɗa wa Othello cewa wannan roƙon da take ta yi ba banza ba. Othello ya kashe matarsa a kan gadonsu. Emilia, matar Iago, ta tona asiri, mijinta ya kashe ta, Othello ya daɓa wa kansa wuƙa. Wasan kashi biyar ne, na farko a Benis, sauran huɗun a Kubrus.

Shakespeare ne ya ƙirƙiri labarin?

A'a. Ya ɗauko shi ne daga tarin labaran wani Ba'italiye, Giraldi Cinthio, da aka buga a 1565. Shakespeare ya rubuta nasa wajen 1603 zuwa 1604, an kuma yi wasan a fadar Sarki James a ranar 1 ga Nuwamba 1604. An fara buga shi a 1622, bayan rasuwar marubucin da shekara 6.

Abin da ya canza shi ne ya fi amfani ga mai nazari. A wajen Cinthio, mai tutar son matar yake yi, da ya ga ba ta kula shi ba ya juya da ƙiyayya. Dalili ɗaya ke nan, a fili. Shi da kansa ya sace hankicin da mijin ya ba matar, wanda ya zama hujjar zargin. Kisan ma tare suka yi shi da mijin: suka jibge ta da safa cike da yashi, suka rufto mata rufin ɗaki don a ce tsautsayi ne, mijin kuma bai taɓa amsa laifinsa ba. Shakespeare ya dagula dalilan Iago, ya sa hankicin ya bi ta hannun Emilia, ya ƙaro Roderigo, saurayin da ke son Desdemona wanda Iago yake yaudara, ya bar Othello shi kaɗai da matarsa a ɗakin kisa, ya kuma sa shi ya hukunta kansa. Duk inda marubuci ya kauce wa labarin da ya gada, to a nan ya kamata a tsaya a tambayi dalili.

Babban jigon kishi ne, ko ba haka ba?

Kishi yana nan, babu mai musu. Amma idan aka ce “jigon wasan kishi ne” aka tsaya, ba a ce komai ba tukuna. Kishin wa? Daga ina ya fito? Hausawa na cewa kishi kumallon mata, sai ga wasan da kusan duk masu fama da shi maza ne: Othello, Iago, Roderigo. Macen da ta nuna kishi ita ce Bianca, budurwar Cassio, kuma nata bai kashe kowa ba. Ta yi fushi, ta mayar masa da hankicin a gaban idonsa, ta faɗi abin da ke ranta, magana ta wuce. Mazan su ne suka ɓoye, suka yi ta ciccin rai, suka zubar da jini.

A ganina abin da wasan yake tonawa shi ne yadda mutumin da ake girmamawa don amfaninsa, ba don an karɓe shi ɗan gida ba, yake iya yarda da mummunan zaton da ake yi masa. Dubi kashi na ɗaya, fitowa ta uku. Othello da bakinsa ya ce Brabantio yana ƙaunarsa, yana yawan gayyatarsa gida ya ba shi labarin yaƙe-yaƙensa. Amma ranar da ya zama suruki, sai Brabantio ya rantse cewa asiri ya yi wa yarinyar, don a ganinsa babu yadda 'yarsa za ta so mutum irin wannan da hankalinta. Majalisa ta wanke Othello, amma ka lura da lokacin: labarin jiragen Turkawa na ta shigowa, suna bukatarsa a daren. Yayin fita, Brabantio ya jefa masa magana cewa ya sa ido, wadda ta yaudari ubanta za ta iya yaudarar mijinta. Wannan maganar ce Iago ya adana, ya fito da ita a kashi na uku kusan kalma da kalma. Iago gona ya tarar an riga an shuka, nasa ban ruwa ne kawai.

Me ya sa babban soja kamar Othello ya yarda da Iago da sauri haka?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce nauyi, amsarta kuma tana kashi na uku, fitowa ta uku. A farkon fitowar Othello yana cewa ranar da ya daina son Desdemona duniya ta rikice. Kafin ta ƙare ya durƙusa yana rantsuwar zai kashe ta. A karanta ta a hankali, a ga matakan.

Iago bai fara da zargi ba. Ya ga Cassio na sulalewa daga wajen Desdemona, ya yi wata 'yar magana kamar ta kuɓuce masa cewa abin bai yi masa daɗi ba. Othello ya tambaye shi, ya noƙe. Ya riƙa maimaita kalmomin Othello yana mayar masa da su tambaya, har Othello ya soma roƙonsa ya faɗi abin da yake ɓoyewa. Wato ya sa shi neman dafin da hannunsa. Daga nan ya yi masa nasiha ya guji kishi, tun Othello bai ambaci kishi ba. Har zuwa nan Othello bai faɗi ba. Ya ce matarsa tana da idanu kuma shi ta zaɓa, ba zai yi zargi ba sai ya gani.

Inda ya karye shi ne da Iago ya ce masa: ni na san halin matan garinmu. Wannan ne fagen da Othello ba shi da abin cewa. Tun yana ɗan shekara 7 yake fagen fama, an taɓa kama shi an sayar bawa, bai tashi a gidajen Benis ba. Idan ɗan gari ya ce haka matanmu suke, da me baƙo zai musa? Sai kuma abin da ya fi ban tausayi: Othello ne da kansa ya fara furta cewa ko zaɓin da ta yi masa kauce wa ɗabi'a ne. Iago ya cafke, ya ce ai wannan ita ce maganar, mace ta ƙi samarin ƙasarta da launinta da darajarta. Da ya rage shi kaɗai, Othello ya shiga lissafin aibinsa: wataƙila don ni baƙi ne, don ban iya lafazin 'yan birni ba, don shekaruna sun ja. Maganar Brabantio ce ta dawo, amma yanzu daga bakin Othello.

A kuma tuna ba shi kaɗai aka ruɗa ba. Cassio, Roderigo, Montano gwamnan Kubrus kafin zuwan Othello, Desdemona, har Emilia da ke kwana ɗaki ɗaya da shi, kowa ya yarda da Iago. Laifin da ba zan ɗauke wa Othello ba shi ne wannan: bai taɓa zaunar da matarsa ya ambaci sunan Cassio ba sai a daren kisa. Da ta ji, nan take ta ce a kira shi a tambaye shi. Ya ce an riga an rufe masa baki.

Me Iago yake nema?

Ya ba da dalilai har sun yi yawa. Ya gaya wa Roderigo an ba Cassio muƙamin da ya dace da shi, mutumin Fulorans da ya san yaƙi a littafi kawai. A zancensa na shi kaɗai ya ce ana raɗe-raɗin Othello ya nemi Emilia. Can gaba ya ce yana zargin Cassio ma da haka. Ya ce shi ma yana son Desdemona. Dab da ƙarshe ya ce kyawun halin Cassio yana muzanta shi. Ga kuɗin Roderigo da yake ta tatsa. Mawaƙi Coleridge ya ce mugunta ce marar dalili take farautar dalili, manazarta da yawa kuma sun bi shi.

Ni ban tsaya a nan ba. Akwai wata magana tasa a ƙarshen kashi na ɗaya: ya ce bai sani ba ko zargin gaskiya ne, amma zai ɗauki zato a matsayin tabbas. A kashi na biyu ya ce tunanin yana cin hanjinsa kamar guba. Ka ga ke nan cutar da ya sa wa Othello tasa ce. Ya san yadda take kama mutum domin ta riga ta kama shi. Ya raina mata, ya raina soyayya, yana siffanta mutane da dabbobi tun fitowar farko, kuma ganin mutum biyu da suke son juna da gaske yana ƙaryata duk abin da ya gina rayuwarsa a kai.

Shakespeare ya ba shi magana fiye da ta Othello, ya kuma sa shi yana juyowa yana gaya wa 'yan kallo shirinsa. Don haka mu muna sane da abin da sauran taurari ba su sani ba, muna ji ana yaba masa gaskiya ba mu da bakin tsawatarwa. Da aka kama shi aka tambayi dalili, ya ce kada a tambaye shi komai, daga yau ba zai ƙara furta kalma ba.

Othello baƙar fata ne ko Balarabe? Musulmi ne ko Kirista?

Sunan da ake kiransa da shi a wasan, Moor, a Ingilar wancan zamani yana iya nufin Musulmin Andalus, ko mutumin Arewacin Afirka, ko baƙar fata. A cikin wasan Roderigo ya zage shi da kaurin leɓe, Iago ya kira shi tsohon baƙin rago, shi ma ya kira kansa baƙi. A ɗaya ɓangaren Iago ya kira shi dokin Barbar, wato Magrib. Kirista ne a wasan, don Iago ya yi maganar baftismarsa. Ko haihuwarsa aka yi a haka ko daga baya ya shiga, wasan bai faɗa ba.

Mutanen Landan na lokacin ba su rasa masaniya a kan Afirka ba. A 1600 jakadan Sarkin Maroko, Abdulwahid bin Mas'ud, ya zo fadar Sarauniya Elizabeth ya yi watanni. A wannan shekarar John Pory ya fassara littafin Hassan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, zuwa Turanci. Wannan littafi ya yi bayanin Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir. Shi Hassan haifaffen Garnaɗa ne, 'yan fashin teku suka kama shi, aka kai shi ga Fafaroma Leo na 10 aka yi masa baftisma. Manazarta da dama suna ganin kama tsakanin rayuwarsa da labarin da Othello ya bayar na kansa.

Duk wannan bala'i a kan hankici guda?

Wani manazarci ɗan Ingila, Thomas Rymer, ya yi wannan ƙorafi tun a 1693, ya yi wa wasan ba'a a kan haka. Amma ƙanƙantar abin ita ce manufar. Othello ya nemi hujjar da ido zai gani. Iago ba shi da ita, don babu abin da ya faru. Sai ya ba shi mafarkin ƙarya da ya ce Cassio ya yi, da ɗan ƙyalle mai surfanin jajayen 'ya'yan itace. Mutumin da ya riga ya yanke hukunci, ko me aka miƙo masa hujja ne.

A lura da yadda ya faɗi. Othello ya ce kansa na ciwo, Desdemona ta ciro hankicin za ta ɗaure masa, ya ce ya yi ƙanƙanta, ya faɗi ƙasa, suka wuce. Kulawa da shi ce ta sa ta manta da kyautarsa ta farko. Sannan Othello ya ba da labari biyu a kansa. A kashi na uku ya ce wata matsafiya Bamisiriya ce ta ba uwarsa, kuma ɓatar da shi na kawo ƙiyayyar miji. A kashi na biyar ya ce ubansa ne ya ba uwarsa. Labarin farko ya firgita Desdemona har ta ce bai ɓata ba, wannan ƙarya guda kuma ta tsaya mata.

Desdemona ba ta cika sanyi ba kuwa?

Wanda ya faɗi haka ya tsallake kashi na ɗaya. Yarinyar da ta fice daga gidan ubanta da dare, ta tsaya gaban majalisa ta ce tana girmama ubanta amma yanzu biyayyarta ta mijinta ce, kamar yadda uwarta ta fifita shi a kan nata uban, ta kuma nemi a bar ta ta je fagen yaƙi, ba raguwa ba ce. Ita ce ma ta ba Othello ƙofar neman aurenta. Naci kan maganar Cassio daga wannan ƙarfin halin ya fito, ta yi alkawari ba ta son saɓawa. Da Othello ya mare ta a gaban Lodovico, ɗan saƙon majalisar Benis, ta ce ba ta cancanci haka ba. A daren kisa ta musanta, ta roƙi a bar ta zuwa gobe, ko rabin sa'a. Abin da ta rasa shi ne sanin laifin da ake tuhumarta da shi, ga ta a tsibiri cike da sojoji, ba uwa ba uba. Maganarta ta ƙarshe, da Emilia ta tambayi wanda ya yi mata haka ta ce babu kowa, ita ce da kanta, har yau ana jayayya a kanta. Ni ina ganin mijin take ƙoƙarin karewa, kamar yadda ta tsaya masa a majalisa.

Me ya sa ake cewa a kula da Emilia?

Don ita ce tauraruwar da ta fi kowa canzawa, kuma ɗalibai sun fi yin watsi da ita. Ita ta tsinci hankicin ta ba mijinta don ta faranta masa. Tana tsaye Desdemona ke cigiya, ta ce ba ta sani ba. Tana da hannu, ba za a wanke ta tas ba. Amma a kashi na huɗu, fitowa ta uku, bayan Desdemona ta rera waƙar mai aikin uwarta da ta mutu da baƙin cikin soyayya, Emilia ta ce idan mata suka kauce laifin maza ne, don mata ma suna da ido da hanci da ɗanɗano da zuciya kamar mazajensu. Wannan jawabi da waƙar suna cikin bugun 1623, babu su a na 1622, don haka a duba wane bugu ake riƙe da shi.

A fitowar ƙarshe, da Othello ya ce mijinta ne ya gaya masa, ta yi ta maimaita “mijina?” tana haɗa abin a ranta. Othello ya zare mata takobi, ta ce ba ta tsoro. Iago ya ce ta tafi gida, ta ce wataƙila ba za ta ƙara komawa gida ba. Janar da 'yan majalisa da hafsoshi duk sun kasa gano Iago, mai hidima ce ta fallasa shi, ta kuma san abin da zai biyo baya.

Yaushe ma Desdemona da Cassio suka sami lokacin aikata abin da ake zargi?

Ba su samu ba. Jirgi daban-daban suka hau. Daga saukarsu Kubrus zuwa kisan bai wuce kwana ɗaya da rabi ba idan aka bi fitowa-fitowa. Amma Othello ya ce sun aikata sau dubu, Bianca kuma tana ƙorafin Cassio ya yi mako bai leƙo ta ba. Manazarta suna cewa agogo biyu ke tafiya a wasan. Mai sauri shi ke hana Othello tsayawa ya yi tunani, mai jinkiri shi ke sa zargin ya yi kama da mai yiwuwa.

Jawabin Othello na ƙarshe tuba ne ko kare kai?

A nan manyan manazarta suka rabu. A. C. Bradley a 1904 ya ɗauke shi mutum mai daraja da shaiɗani ya kayar. T. S. Eliot a 1927 ya ce lallashin kansa kawai yake yi. F. R. Leavis a 1937 ya ce son kai da son burgewa suna cikinsa tun farko, Iago murfi kawai ya buɗe. Kowanne yana da abin kamawa. Othello ya kira kansa wanda ya yi so ba da hikima ba amma fiye da kima, wanda ba ya saurin kishi, alhali gawar na kwance a gabansa. Wannan yana goyon bayan Eliot. Amma a duba yadda ya rufe. Ya tuna ranar da a Halab wani Baturke mai rawani ya doki mutumin Benis ya zagi hukumarta, shi kuma ya kama wuyansa ya soke shi, yana faɗin haka ya soki kansa. Ya zama shi ne mai kare Benis, shi ne kuma baƙon da ake kashewa dominta. Ban ga lallashi a nan ba. Na ga mutumin da ya karɓi hukuncin birnin a kansa har ƙarshe. A ƙarshe mulkin Kubrus ya tsaya a hannun Cassio, dukiyar Othello kuma ta koma hannun Gratiano, baffan Desdemona.

Wasan yana goyon bayan wariyar launin fata ne?

Zagin launi yana fitowa ne daga bakin Iago da Roderigo da Brabantio, sai Emilia cikin fushi a ƙarshe, kuma wasan ya nuna Othello a kashi na ɗaya ya fi masu zaginsa natsuwa da mutunci. Duk da haka baƙon ne ya ƙare da kisa, abin da maƙiyansa suka yi fata, shi ya sa jayayyar ba ta mutu ba. Shekaru aru-aru Turawa ne ke shafa baƙi su fito a Othello. Ira Aldridge, Ba'amurke baƙar fata, ya taka rawar a gidan wasan Covent Garden na Landan a 1833, wasu jaridun Landan suka yi masa ca. Paul Robeson ya taka ta a Landan a 1930, sannan a New York daga 1943, inda aka yi wasan sau 296.

Yaya zan rubuta amsa mai kyau a kan jigo ko tauraro?

Kada ka sake ba da labari, mai duba takarda ya san shi. Fara da magana mai ɗauke da ra'ayi, misali: kishin Othello daga rashin tabbacin matsayinsa a Benis ya tsiro. Sai ka kawo wurare biyu ko uku daga wasan, ka ambaci kashi da fitowa, ka nuna yadda kowanne ya tabbatar da maganarka. Idan akwai wurin da ya saɓa mata, kawo shi ka amsa.

A kan tauraro, dubi abin da ya faɗa, da abin da ya aikata, da abin da wasu suka ce a kansa, ka kuma bi yadda harshensa ke canzawa. Othello a gaban majalisa yana magana cikin tsararrun baitoci masu nauyi. A kashi na huɗu, fitowa ta ɗaya, maganarsa ta koma guntaye marasa haɗi har ya faɗi a sume, can kuma ya fita daga gaban Lodovico yana ambaton awaki da birai, dabbobin da Iago ya fara sa masa a kunne. Idan Turancin ya yi maka tsauri, nemi bugu mai bayanin kalmomi a gefe, ku raba taurari da abokan karatu ku karanta da murya. Ku fara da fitowa huɗu: ta uku a kashi na ɗaya, ta uku a kashi na uku, ta uku a kashi na huɗu, da ta biyu a kashi na biyar.